Karatun takardar kiɗa: jagora ga sabon ɗan fanfar a Maraɗi

Ranar da aka fara miƙa mini takardar kiɗa, a juye na riƙe ta, kuma babu wanda ya yi mini dariya, don sauran yaran ma ba su san ina ne kanta ina ne gindinta ba. Yau ni ne ke miƙa wa yara irin wannan takarda bayan la'asar, in ga suna zare ido kamar an warware musu laya an ce su karanta. Saboda su na zauna na rubuta wannan jagora, da duk wanda ya shiga fanfar, wato ƙungiyar masu busa da ganguna, ta lakwal ko ta matasa, ko mai koyon biyolon, gogen Turawa, da ke fatan wata rana ya zauna cikin babbar ƙungiyar makaɗa.

Wahalar ɗan Maraɗi a wannan fage ta fi ta ɗan Yamai. Mushe yana koyarwa da kalmomin Faransanci. Takardar kanta cike take da kalmomin Italiyanci. Takardun da ke shigo mana ta Ɗan Isa daga Katsina da Kano kuma da tsarin Ingilishi suke zuwa. Harshe uku ke nan a kan yaro ɗaya, alhali abin da sunayen ke nufi tuni yana cikin kunnensa tun yana goye. Don haka a kowane mataki da kunne za mu fara, suna ya biyo baya.

Mataki na farko: raba abubuwa huɗu da ke cikin sauti

Ka ce "kuka", irin wanda jariri ke yi. Sannan ka ce "kuka", wadda ake miya da ganyenta. Baƙaƙen iri ɗaya ne, amma a ta biyun muryarka ta sauko a gaɓar ƙarshe. Wannan hawa da sauka shi ne abu na farko da takarda ke rubutawa, kuma da shi mai kalangu ke kiran sunan mutum in ya matse tsarkiya ya saki. Yanzu ka ce "gari" na mutane, ka ce "gari" na tuwo. Nan bambancin na daɗewa ne, an ja wasali a ɗaya ba a ja ba a ɗayan. Abu na biyu ke nan. Na uku ƙarfin sauti, raɗa ko ihu. Na huɗu irin amon, abin da ke sa ka gane algaita daga sarewa ko da murya ɗaya suka busa.

Ka riƙe bambancin na farko da na uku da kyau. In na ce wa sabon yaro "yi sama", sai ya cika kumatu ya ƙara ƙarfi. Sama a wurinmu siririyar murya ce, ƙasa kuma mai kauri. Ana iya busa siririyar murya a hankali, ana iya busa mai kauri har ta girgiza ƙirji.

Kowane sauti guda da aka rubuta sunansa noti. Ba notin jarrabawa ba, ko da yake kalmar ɗaya ce a Faransanci.

Mataki na biyu: ƙafa kafin baki

Ajiye abin busarka tukuna. Taka ƙafa a ƙasa daidai wa daida, kamar mai tafiya ba gaggawa. Kowane taku bugu ɗaya ne, mushe zai ce tan. Duk tsawon noti da wannan bugun ake auna shi.

Notin da kansa ke cike da baƙi kuma yana da sanda shi ne nuwar, wato baƙa, kuma a yawancin kiɗan da za ka fara da shi bugu ɗaya ce. Mai sanda wanda cikinsa fari ne bulansh, fara, bugu 2. Zagayayye mara sanda rond, bugu 4. Baƙa mai wutsiya ɗaya kurosh, rabin bugu. Mai wutsiya biyu dubul kurosh, huɗu ke cika bugu ɗaya. In kurosh sun jeru, akan haɗe wutsiyoyinsu da gungume ɗaya a kwance, tsawonsu bai canza ba.

A nan Hausa ta yi mana gata wanda Faransanci bai yi wa masu shi ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu: kowace gaɓa biyu ce. Ka faɗi gaɓar farko in ƙafa ta sauka, ta biyu in ta tashi, ɗa-ya bi-yu u-ku hu-ɗu, ka riga ka raba bugu huɗu zuwa kurosh takwas ba tare da wani lissafi ba. Ni na daina sa yara ƙirga da Faransanci a watannin farko saboda wannan.

Sunayen hatsi ma suna aiki, don gaɓar Hausa ko doguwa ce ko gajera. "Gero" dogo biyu ne, nuwar biyu. "Masara" gajere biyu da dogo ɗaya, kurosh biyu da nuwar. "Shinkafa" dogo uku. Tafa hannu kana cewa gero, masara, gero, masara, ƙafa na takawa, ka ji yadda kowace kalma ke cin bugu biyu cif. Sunan garinmu kuwa, Ma-ra-ɗi, gajere ne da dogo da gajere. In ka fara shi daidai saukar ƙafa, doguwar gaɓar za ta faɗo lokacin da ƙafa ke sama, ta ƙetare bugu na biyu. Wannan shi ake kira senkop, abin da ke ba sababbi wuya a takarda alhali kullum suna faɗinsa a tasha.

Ɗigo a gefen noti yana ƙara masa rabin tsawonsa: bulansh mai ɗigo bugu 3, nuwar mai ɗigo bugu ɗaya da rabi. Lamba 3 a kan kurosh uku tana nufin a cusa ukun cikin bugu ɗaya, tiriyole ke nan. Ka ce "tafi da, tafi da" a kan taku biyu.

Ga wani tarko na musamman ga mu mutanen kan iyaka. A Ingilishin da ake koyarwa a Najeriya akwai noti mai suna kurocet. Kunne zai ce maka shi ne kurosh. Ba shi ba ne. Kurocet shi ne nuwar tamu, bugu ɗaya cur, kurosh kuma a wurinsu kweba ne. Bulansh minim, rond semibirib. In ɗan'uwa daga Katsina ya zo atisaye tare da ku, ku daidaita wannan tun kafin a fara.

Shiru ma ana rubuta shi, kuma ana ƙirga shi kamar noti. Ɗan ƙaramin tubali da ke rataye a ƙarƙashin layi na huɗu, in an ƙirga layuka biyar na takarda daga ƙasa, shi ne poz, shirun bugu 4 ko na ɗaki sukutum, za mu zo kan ɗaki a mataki na gaba. In ya zauna a kan layi na uku dami-poz ne, bugu 2. Mai kama da walƙiya supir, bugu ɗaya. Mai kama da lamba 7 dami-supir, rabin bugu.

Mataki na uku: ɗakuna da lambobin bakin ƙofa

Layukan da ke tsaye suna yanka kiɗa gida-gida. Abin da ke tsakanin biyu shi ne mezir. Ni ɗaki nake ce masa, layin tsayen kuma bango. A farkon takarda akwai lambobi biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama tana faɗin nawa ne a ɗaki, ta ƙasa tana faɗin na wane iri: 4 nuwar, 8 kurosh, 2 bulansh. Wato 2/4 nuwar biyu a ɗaki, 3/4 uku, 4/4 huɗu. Wani lokaci maimakon 4/4 za ka ga harafin C. In an soke C ɗin da layi, 2/2 ne, ana ƙirga bulansh biyu, kuma da yawan kiɗan maci haka aka rubuta su.

Bugun farko na kowane ɗaki shi ne mai nauyi. A defile shi ne ƙafar hagu, shi ne inda babbar ganga ke dira. Wanda ya ɓace a tsakiyar kiɗa, wannan bugun zai nema ya koma layi.

6/8 kuwa kada lambar ta ruɗe ka. Kurosh shida ne, amma ba a taka ƙafa sau shida. Taku biyu ne, kowanne da 'ya'ya uku, "tafi da, tafi da" ɗin nan. Yaran da suka tashi suna jin kalangu a gidan biki sukan kama shi nan take in an tafa musu, sai an nuna musu takarda su rikice. Ka bambanta shi da 3/4, wanda shi ma kurosh shida ne amma an raba su biyu-biyu gida uku.

Kiɗa da yawa ba sa farawa a bugun farko. Akwai noti ɗaya ko biyu da ke rigan bango, kamar gaɓar farko ta "gyaɗa" da ke tura ka zuwa ta biyu. Lebe ake ce masa, ko anakuruz. Hannun shugaba yana sama lokacin da za ka shiga, ba ƙasa ba.

Mataki na huɗu: layuka biyar

Yanzu hawa da sauka. Layuka biyar a kwance da fili huɗu a tsakaninsu su ne porte. Ana ƙirga su daga ƙasa. Miƙe hannunka a kwance, tafin yana kallonka: ƙaramin yatsa layi na farko, babban yatsa na biyar. Ka samu allon da ba ya ɓata.

Sunayen noti bakwai ne: do, re, mi, fa, sol, la, si, sai a sake do. Asalinsu daga Italiya ne, wurin wani malamin coci mai suna Gido na garin Arezo a ƙarni na 11, wanda ya tsinto gaɓoɓin farko na layukan wata waƙar addini ta Latin don ɗalibansa su riƙe muryoyi. Na farkon a lokacin ut ne, sai a ƙarni na 17 ya koma do, si kuma ba ta cikin na Gido, daga baya aka ƙara ta. Ut bai mutu ba, har yau za ka ji mushe ya ce kayan kiɗa kaza "an ut" yake, yana nufin do.

Layi ba shi da suna sai an sa masa kile, wato makulli, alamar da ke can farkon porte. Makullin sol yana naɗe layi na biyu, ya ce nan ne sol. Daga nan layukan su ne mi, sol, si, re, fa, filayen kuma fa, la, do, mi. Da shi masu torompet, kilarinet, saksofon, fulut da biyolon ke karatu. Makullin fa yana da ɗigo biyu da suka sa layi na huɗu a tsakiya, nan ne fa. Layukansa sol, si, re, fa, la, filayensa la, do, mi, sol. Na masu kaurin murya ne: torombon, tuba, biyolonsel, kwantarbas. Akwai makullin ut a layi na uku, na masu alto, yayan biyolon, a ƙungiyar tsirkiya, sauran ba ruwansu da shi yanzu. In noti ya wuce layuka biyar, sai a ƙara masa ɗan guntun layi. Do na tsakiya yana kan guntun layi na farko a ƙarƙashin makullin sol, kuma shi ne dai a guntun layi na farko a saman makullin fa.

Tsarin haruffa daga la yake farawa: la A, si B, do C, re D, mi E, fa F, sol G. Rubuta wannan a bangon kayenka na ciki. Manhajojin salula da yawa da haruffa suke magana.

Sai abin da ya taɓa ɓata mana yamma guda. Wani ya kawo mana takarda daga Najeriya, babu layuka, sai d, r, m, f, s, l, t. Muka ce ai do re mi ne, muka busa, ya ƙi haɗuwa da muryar da muka sani. A wancan tsarin do ba shi da mazauni ɗaya. Duk notin da kiɗan ya ɗauka gida, shi suke kira do, kuma a saman takardar suke rubuta harafinsa. In an rubuta F, do ɗinsu fa ne a wurinmu, mi ɗinsu la, fa ɗinsu si bemol. A tsarin Faransa da muke bi, do do ne har abada. Ban ce wani ya fi wani ba. Nasu ya fi horar da kunne, namu ya fi dacewa da yatsu. Ka dai duba saman takarda kafin ka busa.

Mataki na biyar: taki da rabin taki

Matakalar do zuwa do ba daidai take ba. Tsakanin yawancin maƙwabta akwai taki cikakke, ton. Amma tsakanin mi da fa, da tsakanin si da do, rabin taki ne, dami-ton. A kan piyano nan ne wurare biyun da babu baƙin maɓalli a tsakani. Jerin ton, ton, rabi, ton, ton, ton, rabi shi ne gam majer, daga kowane noti ka faro shi.

Waƙoƙinmu da yawa a kan muryoyi biyar suke tafiya, ba su cika ratsa rabin taki ba. Shi ya sa nake ganin sababbi suna faɗaɗa mi da fa in suna rerawa. Ka ba wannan wurin lokaci, ka rera mi-fa-mi, si-do-si kullum kafin ka taɓa ƙarfe.

Diyez, mai kama da shinge, yana ɗaga noti rabin taki. Bemol, mai kama da ƙaramin b, yana sauke shi rabin taki. Bekar yana soke su, ya mai da noti yadda yake. Mai torompet yana da wannan a yatsunsa: cikin fiston uku, wato maɓallan da yake dannawa, na biyu yana sauke rabin taki, na farko taki ɗaya, na uku taki da rabi. Sol babu yatsa, danna na biyu ka samu fa diyez, danna na farko ka samu fa. Kakakin fada ba shi da fiston, kilaron na soja ma haka, shi ya sa muryoyinsu ƙidayayyu ne.

Alamar da ta bayyana a tsakiyar kiɗa tana aiki har bangon ɗakin, a kan wannan notin duk inda ya sake fitowa a layinsa, daga nan ta mutu. Wadda aka jera kusa da makulli kuwa, armir, tana aiki a dukan kiɗan, sama da ƙasa. Kuskuren da na fi gyarawa a rayuwata shi ne wannan: yaro ya ga fa a ɗaki na 20, ya manta an ce masa fa diyez tun bakin ƙofa.

Jerinsu ba ya canzawa. Diyez: fa, do, sol, re, la, mi, si. Bemol shi ne wannan a juye: si, mi, la, re, sol, do, fa. Don sanin gidan kiɗa, wato tonalite, ɗauki diyez na ƙarshe ka hau rabin taki: diyez ɗaya sol majer, biyu re majer. A bemol, na kusa da ƙarshe shi ne sunan gidan: biyu si bemol majer, uku mi bemol majer. Bemol ɗaya sai dai a haddace, fa majer ne. Kowane majer yana da ɗan'uwa miner da suke raba armir ɗaya, rabin taki uku a ƙasansa, kamar do majer da la miner. Ƴan fanfar a gidajen bemol suka fi zama, ƴan biyolon a na diyez, don tsirkiyoyinsu huɗu sol, re, la, mi ne.

Tazarar da ke tsakanin noti biyu ana ƙirga ta har da su biyun. Do zuwa mi tiyers, uku. Do zuwa sol kent, biyar. Do zuwa do na gaba oktab, takwas, irin tazarar da ke tsakanin namiji da mace in suna rera waƙa ɗaya kowa da muryarsa. In an busa do, mi, sol tare, akor ne.

Mataki na shida: me ya sa do ɗinka ba nawa ba ne

Wannan shi ke haddasa gardama a atisaye. Ba a ba mai alto saksofon takardar mai torompet ya busa tare da shi, ko da duka makullin sol suke karantawa. Torompet, kilarinet da tenor saksofon kayan si bemol ne: in sun busa do na takarda, abin da ke fita si bemol ne a piyano. Alto saksofon na mi bemol ne, do ɗinsa mi bemol ke fita. Kor, ƙahon ƙarfe mai naɗi, na fa ne. Fulut da biyolon abin da aka rubuta shi ke fita. Amfanin tsarin a bayyane yake ga dangin saksofon, wanda Adolf Saks ɗan Beljiyam ya yi wa rajista a 1846: mutum ya ajiye alto ya ɗauki tenor, yatsunsa ba su canza ba.

A aikace, in piyano ya ba da do, mai torompet re zai busa, mai alto kuma la. In shugaba ya ce a daidaita a kan si bemol, masu torompet, kilarinet da tenor su busa do, mai alto sol, mai kor fa, mai fulut si bemol. Kafin ka karɓi kowace takarda, duba kusurwar sama ta hagu ka ga sunan kayan da aka rubuta wa.

Mataki na bakwai: kalmomin Italiya

Waɗannan zan bar su da rubutunsu, don haka za ka gan su. Na sauri suna saman ɗakin farko: Largo da Adagio a hankali, Andante tafiyar ƙasaita, Moderato tsaka-tsaki, Allegro da hanzari, Presto a guje. Sau da yawa ana sa nuwar da lamba a gefe, kamar 120, wato bugu 120 a minti, taku biyu a daƙiƙa, kusan saurin macin defile ke nan. Na'urar da ke ƙirga wannan metoronom ce, Melzel ya yi mata rajista a 1815, yau kuma kyauta take a salula. Rit. ko rall. a rage sauri sannu-sannu, accel. a ƙara, a tempo a koma yadda aka faro. Baka mai ɗigo a ciki a kan noti, puwan dorg, ka riƙe har shugaba ya yanke.

Na ƙarfi suna ƙarƙashin porte: p piano, a hankali, f forte, da ƙarfi, m mezzo, matsakaici, sai mp da mf. Ninki yana ƙarawa, pp da ff. Crescendo, a faɗe shi kireshendo, ƙaruwa ce sannu-sannu, alamarsa baki mai buɗewa. Diminuendo raguwa. Gaskiya fanfar ɗinmu ƙarfi biyu suka sani, da ƙarfi da ƙarfi sosai, don a fili muka saba busa, cikin ƙarar babura. Duk ƙungiyar da ta iya p ta gaske, ko a kasuwa mutane za su yi tsit su saurare ta. Kuma p ba ya nufin rage sauri, nan ma yara kan haɗe biyun.

Ɗigo a sama ko ƙasan kan noti staccato ne, a datse shi. Kada ka haɗa shi da ɗigon gefe mai ƙara tsawo. Baka a kan noti mabambanta legato ne, harshe sau ɗaya a farko, sauran iska ta ɗauke su, mai biyolon kuma jan baka ɗaya. Baka tsakanin noti biyu iri ɗaya ɗauri ne, a haɗe tsawonsu a busa sau ɗaya. Ƙaramar kibiya a kan noti aksan, a dira masa. Ƴan tsirkiya su ƙara pizz., a tsunkula da yatsa, da arco, a koma ga baka. Solo da tutti ba baƙi ba ne a wurinmu, jagoran waƙa ne da ƴan amshi. Tacet, wannan sashen ba naka ba ne, yi shiru.

Mataki na takwas: hanya, da idon shugaba

Takarda ba kullum ake bin ta daga sama zuwa ƙasa ba. Bango biyu da ɗigo biyu, koma baya ka maimaita. In akwai akwati mai lamba 1 da mai lamba 2, a zagaye na farko ka shiga 1, a na biyu ka tsallake shi ka faɗa 2. D.C. koma farko. D.S. koma wurin alama mai kama da S da aka soke. Fine, a faɗe shi fine da wasalin ƙarshe, nan ne ƙarshe. Coda wutsiya ce, alamarta zobe da gicciye, in ka iso ta a zagaye na biyu sai ka yi tsalle zuwa ƴar'uwarta a ƙasa.

Dogon gungume mai lamba a sama, a ce 8, shirun ɗaki 8 ne. Ƙirga shi haka: ɗaya biyu uku huɗu, biyu biyu uku huɗu, uku biyu uku huɗu, har takwas. Kada ka dogara ga maƙwabcinka, shi ma kai yake jira.

Hannun shugaba a 4/4 yana sauka ƙasa a ɗaya, ya tafi hagunsa a biyu, damansa a uku, sama a huɗu. A 3/4 ƙasa, dama, sama. A 2/4 ƙasa da sama. Ɗaga takardarka yadda za ka gan shi ta samanta.

In an ba ka sabuwar takarda, da fensir a hannu za ka fara, ba bik ba. Duba sunan kayan, makulli, armir, lambobin ɗaki, kalmar sauri. Bi hanya da yatsa har Fine. Kewaye duk notin da armir ta taɓa. Tafa tsawon notin kana ƙirgawa, sannan ka faɗi sunayensu a kan bugu, wannan shi ne solfej, sannan yatsu babu iska. Busa ita ce ta ƙarshe, kuma a rabin saurin da aka rubuta. Taken ƙasa wuri ne mai kyau na gwada wannan, tun da an canza shi a 2023, manya da yara kusan tare muka koyi sabon.

Mataki na tara: daidaita murya a yanayinmu

Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne la mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, wanda wani taro a Landan ya amince da shi a 1939. La na oktab ɗin sama 880 ne. Babbar ƙungiyar tsirkiya a kan la take daidaitawa, fanfar a kan si bemol. In mushe ya ce ka yi sama da yawa, ja bututun daidaitawa waje kaɗan, don tsawon bututu yana sauke murya. In ka yi ƙasa, tura shi ciki. In mutum biyu sun busa noti ɗaya ba su daidaita ba, za ka ji sautin yana rawa, wo-wo-wo. Rawar na raguwa, kuna kusa. Ta ɗauke, kun haɗu.

Zafi yana ɗaga muryar kayan busa, sanyi yana sauke ta. A watan Afrilu, torompet da aka bari a rana zai yi sama, ban da ƙona leɓe. Bikin 3 ga Agusta damina ce, laima ke sassauta fatar ganga in ta gargajiya ce. Na 18 ga Disamba kuwa, irin wanda Maraɗi ta karɓi baƙuncinsa a 2015, cikin hunturu yake faɗowa: ƙarfe sanyi ƙalau da safe, ƙaran bakin kilarinet da saksofon a bushe kamar kara. Sa ƙaran a baki ya jiƙa tun kana haɗa kayanka, hura iska mai ɗumi cikin bututu na ƴan mintuna, sannan ka daidaita. In jiran manyan baƙi ya yi tsawo, riƙe bakin ƙarfen a aljihu. Bayan kiɗa na farko, in rana ta ɗaga, ka sake karɓar si bemol daga wurin mai kilarinet, za ka tarar sai ka ja bututun waje kaɗan.